Raddi ga Masu Cewa Gudajin P Su ne Mayankar Saƙon RNA a Cikin Yis

Wata magana ta samu gindin zama a bakin ɗaliban ilmin halittu da wasu malamansu, cewa gudajin P, waɗannan ɗigo-ɗigo da ke haske a ruwan cikin ƙwayar yis, su ne wurin da ake rusa saƙon mRNA, kuma idan sun yawaita to rushewa ta yawaita. Ban yarda da wannan magana ba, kuma zan bi hujjojin masu ita ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da ba mu jayayya a kansa. Saƙon yana fitowa daga cibiyar ƙwaya da hula a kansa da doguwar wutsiya ta adenin a ƙarshensa. Idan kwanansa ya ƙare, Ccr4-Not da Pan2-Pan3 su gutsure wutsiyar, Dcp2 da abokin aikinsa Dcp1 su tuɓe hular, sai Xrn1 ya bi shi daga kai yana ci. Saɓaninmu a kan inda hakan ke faruwa ne.

Hujjarsu ta farko ita ce aikin Ujwal Sheth da Roy Parker na Jami'ar Arizona, wanda ya fito a mujallar Science a 2003. Sun ga furotin masu hannu a rusa saƙo, wato Dcp1 da Lsm1 da Pat1 da Dhh1 da Xrn1, sun dunƙule wuri guda, kuma da suka cire Xrn1 sai gudajin suka ƙara girma. Aiki ne nagari, ba na raina shi. Amma ganin mahauta sun taru da wuƙaƙensu a gindin wata bishiya bai tabbatar da cewa nan ne mayanka ba. Kumburin gudaji bayan an cire Xrn1 yana nuna inda saƙon da aka hana cinyewa yake zuwa ya taru, bai nuna inda aka tuɓe masa hula ba. Ga kuma matsalar awo: hotuna da yawa da aka ɗauka daga baya sun dogara da alamar MS2 da ake liƙa wa saƙo, alhali a 2015 Jennifer Garcia da Parker ɗin kansa sun nuna cewa furotin ɗin da ke kama wannan alama yana tare wa Xrn1 hanya. Ke nan abin da ke haske zai iya zama guntun da alamar ta hana cinyewa.

Ta biyu, suna cewa gudaji na kumbura idan yis ya shiga wahala, su ɓace idan an zuba masa sikloheksimaid, don haka suna tafiya tare da rushewa. Wannan hujja kansu take komawa. Idan aka janye wa yis gulukos, cikin 'yan mintuna fassarar saƙo ke tsayawa, gudaji su bayyana, amma a wannan yanayi gutsurar wutsiya raguwa take yi, kamar yadda ɗakin binciken Parker ya ruwaito a 2006. Kafin nan, a 2005, Muriel Brengues da abokan aikinta sun nuna cewa da zarar an mayar da gulukos, saƙonni na fita daga gudajin su koma hannun ribosom, masu fassara su. Abin da aka rusa ba ya dawowa bakin aiki. Shi kuwa sikloheksimaid, yana daskarar da ribosom a kan saƙo, sai a rasa RNA ɗin da za a yi ginin da shi, domin gudajin ba sa tsayuwa sai da RNA.

A nan ne ya kamata mu tsaya kan yadda ake ginin, don a cikinsa amsar take. Gudajin P ba su da fata ko bango. Furotin irin su Edc3 suna da wuraren kamu da yawa: gefe ɗaya ya riƙe Dcp2, wani ya riƙe Dhh1, wani kuma ya haɗu da ɗan'uwansa Edc3. Lsm4 yana da jela mai yawan gulutamin da asparajin wadda ke manne wa irinta. Kowane riƙo mai rauni ne, yawansu ne ke sa su ware daga sauran ruwan ƙwaya. Tunda haka ne, ana iya kwance ginin ba tare da an taɓa enzayim masu yankan ba. Carolyn Decker da Daniela Teixeira da Parker sun yi hakan a 2007: suka cire Edc3 da jelar Lsm4, gudajin da ake gani suka kusa ɓacewa ƙaf, amma saƙonnin da suka auna suka ci gaba da rushewa. A 2016 ɗakin binciken Tracy Nissan a Umeå ta ƙasar Suwidin ya samu cewa a irin wannan yis wasu saƙonnin ma sun fi saurin lalacewa. Da gudajin ne mazaunin rushewa, da akasin haka za a gani.

Na san amsar da suke bayarwa: wai akwai ƙananan gudaji da madubin maikiroskop ba ya iya gani. To, wane gwaji ne zai iya ƙaryata wannan? Idan 'yan furotin kaɗan da ke zaune kan saƙo guda su ma gudajin P ne, an sauya da'awar ke nan, an bar wadda aka fara da ita. Kuma muna da shaida kai tsaye. A 2009 Wenqian Hu da Jeff Coller da abokansu sun nuna a mujallar Nature cewa ana samun saƙo marar hula yana nan riƙe da ribosom. A 2015 Vicent Pelechano da Wu Wei da Lars Steinmetz suka karanta bakin dubban guntayen da Xrn1 ke ci, suka ga suna jeruwa da tazarar harafi uku-uku, daidai da takun ribosom. Xrn1 na bin sawun ribosom na ƙarshe ne, su kuwa gudajin P saƙon da ya rabu da ribosom suke tarawa.

Abin da zan sallama musu shi ne wannan: ba a ce babu wata rushewa a cikin gudajin sam ba. Ɗakin binciken Anne Spang a Basel ya ruwaito a 2018 cewa a lokacin yunwar gulukos wasu saƙonnin da suka shiga ana rusa su, wasu ana adana su. A 2021 kuma ɗakin John Gross a San Francisco ya nuna a kwalbar gwaji cewa dunƙulewa tare da Edc3 na iya ƙara wa Dcp2 kuzari. Sai dai wannan da furotin tsantsa aka yi shi, na wani jinsin yis mai suna Schizosaccharomyces pombe. Wanda ke son ɗaukar sakamakon ya kai shi cikin ƙwaya mai rai, wajibi ne ya bi saƙo guda da alamar da ba ta tare Xrn1, ya nuna ya shiga gudajin da hularsa, kuma a can ciki aka tuɓe ta.