Ruwan dattin matata da na marina: ko lantarki zai iya wanke mana shi?

Duk wanda ya yi rani a Damagaram ya san darajar ruwa. Daga watan Maris zuwa Mayu famfo kan ƙafe a unguwanni da dama, ƴan garuwa su zama abin nema. Shi ya sa muke ganin ya kamata mu fara tambaya: ruwan da aka yi aiki da shi ya ƙazantu, ina yake tafiya?

Tun watan Nuwamban 2011 matatar SORAZ take aiki a arewacin birni, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Kowace matatar mai a duniya tana fitar da ruwa mai ɗauke da sinadarai irin su fenol da benzen, kuma benzen na cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar jini. Garin rini na zamani da marina ke aiki da shi yana da dangin waɗannan sinadarai. Abin da ya haɗa su shi ne ƙwayoyin kabon shida da suka ɗaure kamar zobe, kuma zoben nan ba ya saurin ruɓewa.

A nan ne lantarki ke shigowa. Ana tsoma faranti biyu masu ɗaukar wuta cikin ruwan, a sako lantarki. A jikin ɗaya farantin sai ruwan kansa ya haifar da wasu ƙwayoyi masu kaifi da ke fasa zoben, har ya koma iskar kabon da ruwa. Ba sai an yi ta sayo magani ana zubawa ba.

Amma fa akwai sharaɗi. Aikin yana cin wuta, kuma ba mu manta da duhun da muka shiga ba lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki a watan Agustan 2023. Sannan idan ruwan na da gishiri, aka tsai da aikin a rabi, ana iya samun sabuwar guba.

Rana dai Allah ya ba mu ita. Mu a ganinmu, Jami'ar André Salifou ta gwada dabarar da wutar sola a marina ɗaya, a auna ruwan kafin aiki da bayansa, a faɗa wa jama'a abin da aka gani. Daga nan sai magabata su san ko ta cancanci kuɗin talaka.