Fanshon da ba a ajiyewa a banki

A wajen walimar bankwana da aka shirya wa wani darakta mai barin aiki, na ga wani abu da har yau yake yi mini yawo a rai. Da aka kira shi ya karɓi kyauta, sai da ya dafa hannuwan kujera, ya yunƙura sau biyu, kafin ya miƙe. Shekarunsa 60 cif, ba ya jinya, kuma masu jawabi sun yi ta yabon yadda ya tanadi gida da gona da fansho. Babu wanda ya ambaci cinyoyinsa, alhali kuwa su ne za su kai shi gonar.

Dokar aikin gwamnatin tarayya ta ce ma'aikaci ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Jiki kuwa ba ya jiran wannan takarda. Daga wajen shekara 30, tsokar mutum tana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan shekara 60. Ke nan wanda aka ɗauka aiki yana ɗan shekara 25, kusan duk tsawon aikinsa yana biyan wani haraji da ba ya fitowa a takardar albashi. A ganina, ya kamata ma'aikaci ya riƙa lissafin ƙarfin jikinsa kamar yadda yake lissafin abin da ya taru a asusunsa na fansho.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne girman tsoka daban, ingancinta daban. Ƙarfi yana zubewa da sauri fiye da yadda naman yake raguwa, kuma akwai dalilai. Tsoka tana da zaruruwa iri biyu: masu jurewa dogon aiki a hankali, da masu zabura, waɗanda ake buƙata wajen miƙewa daga tabarma, ko hawa bene, ko tare jiki idan an yi tuntuɓe. Masu zaburar su ne suke fara ƙanƙancewa, musamman idan an daina sa su aiki. Haka nan jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa tsoka suna raguwa da shekaru, sai umarni ya riƙa isa a makare. Sannan kitse yana kutsawa tsakanin zaruruwan, ta yadda cinya za ta ci gaba da cika wando amma ƙarfinta ya ragu. Shi ya sa ma'aunin nauyi yake yaudarar mutane da dama: kilo bai canja ba, amma abin da ke ƙarƙashin fata ya canja.

Sinadaran jiki ma suna da nasu rabon. Sinadarin mazantaka yana raguwa a hankali yayin da namiji yake manyanta, mata kuma suna rasa nasu kariyar bayan ɗaukewar al'ada. Ƙarancin barci yana rage wa jiki damar gyara tsokar da ta gaji, abin da ya kamata mai tasowa daga Mararaba ko Kubwa tun da asuba don gudun cunkoso ya lura da shi. Tsokar mai shekaru kuma ba ta amfana da abinci mai gina jiki kamar ta matashi, sai an ƙara mata kafin ta amsa.

Wani zai ce ai shi aikinsa na biro ne da kwamfuta, me zai yi da ƙwanji? Amsar tana cikin jininsa. Tsoka ce take kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, don haka raguwarta tana buɗe wa ciwon suga ƙofa. Wani bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2015, wanda ya bi mutane kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya gano cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu tana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100. Ga kuma ranar jinya: an gwada a Amurka an ga tsofaffi masu lafiya da suka kwanta kwana 10 a gado sun rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafafunsu. Wanda ya shiga asibiti da ajiya shi ne yake da abin da zai fito da shi.

Abin farin ciki shi ne tsoka ba ta daina amsa kira. A 1990, masu bincike a Boston sun sa wasu tsofaffi masu shekara 90 ko kusa da haka suna ɗaga nauyi da ƙafa tsawon mako 8, sai ƙarfinsu ya ninka fiye da sau biyu. Idan su sun iya, mataimakin darakta ɗan shekara 48 ba shi da hujja.

Mun saba ɗaukar tattakin safiyar Asabar a bakin tafkin Jabi a matsayin cikakken motsa jiki. Yana da amfani ƙwarai, amma bai isa ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ta kuma ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wannan rabi na biyun shi muka manta. Ba ya buƙatar kuɗin rajista a ko'ina: tsugunawa da miƙewa, tura jiki daga ƙasa ko daga bango, ɗaga jarkar ruwa, hawa benen sakatariya da ƙafa maimakon jiran lif. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa ƙara nauyi ko yawa sannu a hankali. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Na san nama ya yi tsada, kuma albashi ba ya kai ƙarshen wata. Sai dai baligi mai nauyin kilo 70 yana buƙatar kimanin giram 56 na sinadarin gina jiki a rana, mai shekaru kuma fiye da haka, kuma wake da ƙosai da alale da awara da ƙwai da busasshen kifi da nono da ƙuli-ƙuli duk suna ɗauke da shi. Abin da ya fi dacewa shi ne a rarraba shi a abincin safe da na rana da na dare, a daina wuni da burodi da lemon kwalba.

Ma'aikatu ma suna da rawar takawa. Asibitocin ma'aikata da ke auna hawan jini da suga za su iya ƙarawa da gwajin ƙarfi, wanda kujera da agogo kawai yake buƙata. Kai ma mai karatu gwada yau kafin ka tashi daga ofis: ka rungume hannuwanka a ƙirji, ka miƙe ka zauna sau biyar a jere. Idan ka wuce daƙiƙa 15, likitoci suna ɗaukar hakan alamar rauni, kuma gara ka sani tun kana da sauran shekarun gyarawa.