RA'AYINMU: SHIN AKWAI MASU MURƊA FARASHIN BISASHE A KARA?



Duk ranar da kuɗin shanu ya faɗi, magana ɗaya ce ke zagaya kara, tun daga Tunfafi har Turaku ta Yamai: wai manyan alhazai ne sunka haɗa baki. In kuwa ya hau, kamar yadda rago ke yi gab da Layya, sai mutanen gari su ce ai aikin dillalai ne, Allah ya isa. To, tunda a kanmu zargin ke sauka, bai kamata mu yi shiru ba. Amsarmu ita ce: i, ana murɗa farashi. Amma ba kowane hawa da sauka ne murɗiya ba, kuma wanda bai rarrabe ba zai yi ta zagin wanda bai ci ba bai sha ba.

Bari mu fara da abin da ya fi ƙarfin kowane alhaji. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da makiyayi ke neman wanda zai karɓi saniyarsa ko nawa ne kafin ta faɗi. Babu wanda ya ƙulla wannan. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 maimakon 50. Nan da nan shanunmu sunka yi araha ga baƙi, masu saye sunka yi yawa, kuɗin bisa ya hau. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ga kuma naira da ta zube tun daga tsakiyar 2023: falke ya sayar da riba a Maigatari ko Illela, amma da ya je wurin 'yan canji sai ya tarar ko uwar kuɗi ba ta fita ba. Irin wannan falke in ya dawo ya rage tayi, ba mugunta ba ce, lissafi ne.

Akwai kuma murɗiyar da gwamnatoci ke yi da rana tsaka. Daga shekarun 1980 zuwa farkon 1990, ƙasashen Turai sun riƙa biyan 'yan kasuwarsu tallafi don su jibge daskararren nama a biranen bakin teku irin su Abija da Kwatano, a kan kuɗin da sanmu ba zai iya gogayya da shi ba. Sai a 1993, bayan ƙungiyoyi sun yi ta kuka, aka soma rage tallafin. A nan gida ma, a watan Mayu na 2025 gwamnati ta hana fitar da bisashe waje gab da Layya don rago ya yi sauƙi. Mai layya ya ji daɗi, mai turke da ya kwashe watanni yana sayen dusa da harawa ya ji a jikinsa.

To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cikin kara akwai dabarun da kowa ya san su, ko da ba a faɗi. Ta farko, a sa wani ya tsaya yana ta ƙara tayi alhali ko dala bai yi niyyar biya ba, don baƙo ya ɗauka bisar ta kai haka. Malamai sun daɗe suna gaya mana sunanta najashi, kuma Annabi (SAW) ya hana. Ta biyu, a tare makiyayi a bakin daji tun bai shigo ya ji yadda kasuwa take ba, a ce masa ai yau ba ta ci ba. Wannan ma shari'a ta hana. Ta uku, masu kuɗi uku ko huɗu su yi shawara tun da safe cewa ba wanda zai wuce jika kaza, su zauna a inuwa suna shan shayi har la'asar. Mutumin da ya koro garke kwana uku, ga shi ba hatsi a gida, ina zai koma da su? Dole ya sallama. Ta huɗu, dillali ya ja mai saye gefe su yi raɗa, ya dawo ya gaya wa mai bisa wani kuɗi daban, ya ci tsakiya, sannan ya karɓi la'ada. Ta biyar, jita-jita: wai gobe za a rufe iyaka, wai Ikko ta cika da shanun Cadi.

Me ya sa waɗannan dabaru ke ci? Ba don mutanenmu sun fi na wasu wurare son kuɗi ba. Dalili shi ne masu sayarwa na da yawa kuma a matse suke, masu sayen tirela guda kuwa 'yan kaɗan ne, kuma su ne ke da labarin Kano da Kurmi. Ga shi da ido muke ciniki, ba da sikeli ba. Duk inda waɗannan sunka haɗu, ko a wace ƙasa ce, sai an murɗa. Ku dubi Amurka, inda ake da sikeli da takardu da lauyoyi. Tun 1921 sunka yi doka don kare makiyaya daga manyan kamfanonin fawa. Duk da haka a 2019 makiyaya sun kai ƙarar kamfanoni huɗu, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, waɗanda ke yanka kusan kashi 85 cikin 100 na shanun turke na ƙasar, bisa zargin haɗa baki a danne kuɗin shanu. A 2022 JBS ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 52.5 don kashe ƙarar masu sarin nama, ko da yake bai amsa laifi ba. Najashi ma suna da irin nasu a manyan kasuwanninsu na kwamfuta, inda mutum ke sa tayin ƙarya ya janye, har sai da dokar 2010 ta haramta shi ƙarara.

Wasu na cewa maganin abin shi ne a kori dillalai. Mu ba mu yarda ba. Dillali ne ke saukar da baƙo, shi ke tsayawa cewa bisar ba ta sata ba ce, shi ke lamuni in an sayar bashi. Kara ba dillali, ɓarayin shanu ne za su fi kowa murna. Abin da ke son gyara shi ne raɗar, ba mutumin ba. Maƙwabtanmu na Gogunu, a arewacin Benin, sun nuna hanya: mai bisa da mai saye ke ciniki ido da ido, tsofaffin dillalai sunka koma shaidu, ana rubuta kowane ciniki a ba su ladan da kowa ya sani. Ba su mutu da yunwa ba, kasuwar kuma ta ƙara cika, har wasu garuruwa sunka kwaikwaya.

Saboda haka muna kira ga shugabannin rassanmu da su kawo waɗannan shawarwari a taro mai zuwa:

1. A faɗi kuɗin bisa da ƙarfi a gaban mai ita da shaida, kafin a ce an sallama.
2. A yanke la'adar sa, da ta saniya, da ta rago, a rubuta a ƙofar kara.
3. A kafa allo ana rubuta kuɗin da aka sayar a kasuwar da ta wuce, da canjin naira na ranar, a kuma aika wa gidajen rediyo su faɗa da Hausa da Fillanci da Buzanci.
4. Duk wanda anka kama da tayin ƙarya ko tare hanya, a dakatar da shi kasuwa huɗu, ko ɗan wane ne.
5. A nemi hukumar gari ta sa sikeli daga cikin harajin da take karɓa a kan kowace bisa.

Mun san akwai waɗanda ba za su so wannan magana ba, za su ce muna tona asirin sana'a. Alhaji, asirin ya daɗe da tonuwa. Yau makiyayi na da salula a aljihu, kafin ya baro ruga ya kira ɗan uwansa a Maigatari ya ji farashi. Wanda anka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, sai ya canza kara, ko ya sayar a daji, mu kuma mu zauna muna kallon turaku wayam. Fari da canji da rufe iyaka ba a hannunmu suke ba. Amma gaskiyar tayi a hannunmu take, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya kiyashe mu da cin haram. Amin.