Sabo Ake Yi wa Kuka: Shin Mai Kifi Ya Cancanci Jaje?

Masu iya magana sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. Babu ɗalibin Hausa da bai san wannan karin magana ba, wasunmu ma sun ci maki da ita a jarrabawar adabin baka. To, tambayar da nake so in ajiye gaban 'yan'uwana ɗalibai ita ce: idan har sabo ake yi wa kuka, don me muke yi wa yaro dariya idan kifinsa na ado ya mutu ya zauna yana hawaye? A ra'ayina wannan dariya kuskure ce, kuma harshen Hausa da kansa ya riga ya ba mu hujjar barinta.

Dalilin dariyar ba ɓoyayye ba ne. A wurin yawancinmu kifi abinci ne. Da an ambace shi sai hankali ya tafi ga tarwada da ƙarfasa, ko giwan ruwan da ake gasar kamawa a Argungu, ko gonar kifi ta Panyam a nan Filato. Ko a Rayfield, kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, wanda ya jefa fatsa a cikinsu tukunya yake yi wa tanadi. Amma a wannan unguwa dai akwai gidajen da za ka shiga falo ka tarar da akwatin gilashi cike da ruwa, ɗan kifi mai ruwan zinariya yana kai da komo a ciki. Wannan ba don ci ake ajiye shi ba.

Asalin kifin nan ƙasar Sin ne, inda aka fara kiwonsa don ado fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Ruwa mai sanyi yake so, don haka yanayin Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ya karɓe shi. Idan ya sami kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15, har akwai wani a Ingila da ya kai shekara 43 kafin ya mutu a 1999. Zancen da ake yi cewa ba ya tuna komai bayan daƙiƙa uku kuwa ba gaskiya ba ne, domin bincike ya nuna yana riƙe abu na tsawon watanni, yana kuma gane lokacin cin abincinsa. Halittar da za ta taso ta tarye ka kullum safe, shekara da shekaru, ta yaya ba za a saba da ita ba?

Na ga haka da idona a gidan wasu maƙwabtanmu. Yarinya ce 'yar shekara tara, ta yi shekara huɗu tana ciyar da kifinta kafin ta tafi makaranta. Aka ɗauke wuta kwana biyu, na'urar da ke hura iska a ruwan ta tsaya, da safe sai ga kifi ya taso sama a kwance. Kawunta ya ce a kawo mai a soya, aka kwashe da dariya. Mahaifiyarta kuwa ta ce, "Haba ke kuwa, ai sai a sayo wani." Yarinyar ba ta sake yin kuka a gaban kowa ba, amma ranar ko loma ba ta kai bakinta ba.

Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, ba a nonon uwa ba, abin da ya fara burge ni a harshen shi ne yadda ya raba gaisuwar rashi gida biyu. Idan mutum ya rasu, ta'aziyya ake yi. Idan gobara ce ko sata ko mutuwar saniya, jaje ake yi, a ce Allah ya mayar da alheri. Sai dai sau da yawa muna auna jaje da kuɗin abin da aka rasa. Saniya tana da tsada, sai mu je. Kifi bai kai kuɗin kaza ba, sai mu yi dariya. Mun manta cewa yarinyar nan ba kuɗi take yi wa kuka ba.

Wani zai ce ai wannan ɗabi'ar Turawa ce. Ko kusa. A tambayi mai kiwon tattabaru a Kano yadda yake ji idan kyanwa ta kashe masa wadda ya fi so. A dubi yaran da ke ɓuya a ɗaki ranar Babbar Salla don kada su ga an yanka ragon da suka yi wata uku suna ba dusa. Littattafan hadisi sun kawo labarin Abu Umair, ƙanen Anas bin Malik, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu, Annabi (SAW) ya lura da damuwarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. A Littafi Mai Tsarki ma, misalin da Annabi Natan ya ba Sarki Dawuda na wani matalauci ne mai 'yar tunkiya guda da ya riƙa kamar 'yarsa.

Akwai suka mafi nauyi da ba zan kauce mata ba. Jos ta binne mutane a rikicin 2001 da na 2008 da na 2010. A garin da ya ga irin wannan, wasu na ganin kukan kifi cin fuska ne ga masu makoki na gaske. Na fahimci wannan, kuma ba wanda ya ce a daidaita ran ɗan Adam da na kifi. Amma tausayi ba gishiri ba ne da zai ƙare don an ɗiba. Wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya yi rubutu a 1989 kan baƙin cikin da jama'a ba su yarda mutum ya nuna ba, wanda mai shi ke haɗiyewa shi kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka koya wa cewa hawayensa abin dariya ne, da wuya ya girma ya girmama hawayen wani, kuma garinmu ya fi kowane gari bukatar masu taushin zuciya.

Saboda haka shawarata biyu ce. Ta farko ga masu kiwo: a samar masa wuri mai faɗi, a riƙa canja wani ɓangare na ruwan a kai a kai, kada a zuba ruwan famfo mai magani kai tsaye, kada kuma a cika masa abinci. Ta biyu gare mu ɗaliban harshe: kalmomin suna nan, ba sai mun ƙirƙiro ba. A ce wa yaro, "Sannu, ashe an yi rashi. Yaya sunansa? Allah ya ba ka haƙuri." A bar maganar sayen wani sai shi ya ɗauko ta da kansa. Allah ya sa mu dace, amin.