Baƙin mai: abin da yatsa ba ya ji

Daga Tenhya zuwa garejin kirki akwai tafiya. In injin mota ya ƙone cikin rairayin arewacin Damargu, ko injin jawo ruwa ya tsaya tsakiyar rani alhali garkunan raƙuma da shanu suna jira, hasarar ta wuce kuɗin gyara. Sau da yawa kuma mafarin ɓarnar lita kaɗan ce ta baƙin mai da aka saya da araha.

Matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, tana fitar da man fetur, gazuwal da gas. Baƙin mai kuwa galibi daga waje ƴan kasuwa ke kawo shi, wani cikin galan mai hatimi, wani cikin kwalabe marasa suna. Direba yakan murza shi tsakanin yatsu biyu, in ya ji kauri sai ya ce mai kyau ne. Nan kuskuren yake.

Man da aka tace daga ɗanyen mai shi kaɗai ba ya isar injin zamani. Kamar kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke cikin galan sinadarai ne da kamfani ya ƙara. Mafi shahara shi ne ZDDP, mai ɗauke da tutiya, wanda ake aiki da shi tun shekarun 1940: inda ƙarfe ya matsi ƙarfe har man ya kuɓuce, zafin gugar kan sa shi ya shimfiɗa wata ƴar fata, ita ce ke cinyewa maimakon ƙarfen. Wasu sinadaran suna kashe tsamin da farar wutar gazuwal ke haifarwa, wasu suna riƙe kunkunniya kada ta daskare, wasu kuma suna hana mai tsinkewa in ya yi zafi. Dukansu ƙarewa suke da aiki. Saboda haka tsohon man da aka tace aka maido kasuwa yana da santsi, amma kariyarsa ta tafi.

Man tsirrai fa, irin na gyaɗa? Gaskiya ne ya fi tsuran man ƙasa manne wa ƙarfe, yana kuma rage guga sosai. Jiragen sama da yawa na yaƙin 1914 zuwa 1918 da man zurma suka yi aiki, daga sunan zurma a Turance ma aka samo sunan Castrol. Sai dai zafi da iska suna saurin lalata shi, ya koma danƙo ya toshe hanyoyin mai. Kuma da yake ya riga ya kama ƙarfen, sinadarin da aka shirya domin man ƙasa bai cika samun wurin zama ba. Ya yi daidai da gatarin amalanke, amma zuba shi cikin inji ganganci ne.

Ɗan kasuwa mai motoci da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar odar man motar asibiti, nauyi ɗaya ke kansu: su duba hatimi, su duba lamba, kamar 15W-40, su bi abin da littafin injin ya ce. A ƙasar ƙura kuma a riƙa juye mai da wuri, a sake matacin tare da shi. Araha dai ba ta ado.