Tara Kalmomin Magina Kaɗai Ba Zai Gyara Soro Ba

'Yan uwa marubuta, da zarar damina ta ɗauke, a Madachi da sauran garuruwan Rano da Kibiya sai a shiga neman magini. Tsofaffin da suka san ginin ƙasa kuwa suna ƙarewa, 'ya'yansu bulo suka koya. Shi ya sa ake shafe katangar ƙasa da siminti, laima ta shiga ta rasa hanyar fita, bayan 'yan shekaru simintin ya ɓamɓaro har da naman katangar.

Da yawanmu mun ɗauka in mun jera kalmomi, mun ceto ilimin ke nan. Ina! Ƙamusun Bargery na 1934 taska ne, amma ƙamus bin baƙaƙe yake: azara tana can farko, zanko yana can ƙarshe. Mai gyaran soro so yake ya san me ke ɗauke da me.

Masana kwamfuta suna da abin da suke kira ontoloji, wato a rarraba abubuwa gida-gida, sannan a faɗi dangantakar kowanne da ɗan uwansa, kamar yadda tsohuwa ke warware zuri'a. Gidajen tarihi suna da irin nasu, CIDOC CRM, wanda ya zama ma'aunin duniya a 2006.

Mu ɗauki laso, simintinmu na gargajiya. Da katsi ake haɗa shi, da gashin jima, da dafara. Katsi daga rijiyar marina yake fitowa, gashi daga majema, dafara daga daji. Ashe ranar da aka rufe karofi, rufin soro ma ya shiga uku, a ƙasar Rano da tarihi ya sani da rini! Jerin kalmomi ba zai nuna wannan ba. Haka makuba da ɗorawa, haka azara da giginya: mai saran itace yana da hannu a yoyon ɗaki.

Ba sai mun iya kwamfuta ba, littafi da biro sun isa. In mun zauna da magini, kada mu tsaya ga "mene ne sunan wannan?" Mu tambaye shi da me ake yin sa, a kan me yake zaune, me ke lalata shi, a wane wata ake gyara shi, wa ke kawo kayan. Wanda ke kusa da Madachi ya fara mana da rufi, daga azara har indararo.