Filin Iyali: Inuwa Ta Fi Mai Ita Ban Tsoro

A watan nan za mu tattauna a kan fim na ban tsoro, wanda ya shigo gidajenmu ta talabijin da wayar hannu. Iyaye da dama suna mamaki: me ya sa yaro zai kalli wani fim ya yi ta dariya, amma wani fim ɗin, wanda ko ɗigon jini ba a zubar a cikinsa ba, ya hana shi barci kwana uku? Bari mu duba yadda tsofaffin gwanayen wannan sana'a suka yi aikinsu, domin amsar tana wurinsu.

Mu fara da inuwa. A shekarar 1922 wani Bajamushe mai suna F. W. Murnau ya shirya fim ɗin Nosferatu, labarin wani matacce mai shan jinin mutane. Fim ɗin ba shi da magana ko kaɗan, amma akwai wani wuri a cikinsa da har yau ake ambatonsa. Ba a nuna mugun kansa ba, sai inuwarsa a jikin bango tana hawan matakala sannu a hankali, dogayen yatsunta suna miƙewa wajen ƙofar ɗakin wata mace. Mai kallo da kansa yake ƙarasa zanen a zuciyarsa, kuma abin da zuciya ta zana ya fi duk abin da kyamara za ta iya nunawa muni. Kakanninmu sun san wannan. Da wuya mai tatsuniya ta tsaya bayyana kamannin Dodo daki-daki. Ta bar kowane yaro ya ƙera nasa.

Na biyu shi ne shiru. A 1942, a Amurka, kamfanin RKO ya ba Val Lewton kuɗi kaɗan ya shirya Cat People, Jacques Tourneur kuwa ya ba da umarni. Labarin wata mace ne da ta gaskata cewa za ta rikiɗa ta zama baƙar damisa. A wani wuri, wata mai suna Alice tana tafiya ita kaɗai da dare a birnin New York, tana jin takun sawu a bayanta. Can sai takun ya ɗauke. Shirun nan ya fi takun tayar da hankali. Ana nan sai aka ji wani huci mai ƙarfi kamar na damisa, ashe motar bas ce ta taka birki a gefenta. Har yau masu sana'ar suna kiran wannan dabara da sunan bas ɗin Lewton.

Na uku shi ne jira. Alfred Hitchcock, mutumin Ingila, ya taɓa bayyana wannan da misali. A ce mutum biyu suna hira a gaban tebur, bam ya tashi ba zato. Masu kallo za su firgita na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Amma in an nuna musu bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, da agogonsa yana tafiya, to kowace kalmar hirar nan za ta zame musu azaba, suna so su yi wa mutanen ihu su tashi. Firgita tana wucewa nan da nan, fargaba kuwa tana zama.

Na huɗu shi ne kiɗa. A fim ɗin Psycho na 1960, Hitchcock ya nuna kisan wata mace a wurin wanka. Fim ɗin baƙi da fari ne, jinin da aka gani kuwa ruwan cakulan ne. An yanyanka hotunan gajeru-gajeru, ana sauya su da sauri, Bernard Herrmann kuma ya sa kayan kiɗa masu tsirkiya irin goge suna ƙara kamar kururuwa. Mutane da yawa sun fito suna tsammani sun ga abin da ba a nuna musu ba. Haka ma Jaws na 1975. Injin da aka ƙera a siffar babban kifin ya yi ta lalacewa a teku, sai Steven Spielberg ya rage nuna shi, ya dogara ga kiɗan John Williams mai sauti biyu da ke maimaituwa. Da jin kiɗan nan, gaban mai kallo ya faɗi.

To, mene ne amfanin sanin wannan a gare mu iyaye? Sau da yawa muna auna fim da yawan jinin da ke ciki, mu ce tun da babu jini, yara su kalla. Wannan ma'auni bai isa ba. Jiki ba ya bambanta haɗarin gaske da na fim sosai. Zuciya tana bugawa da sauri, tafin hannu ya yi gumi. Babba yakan tuna cewa wasa ne. Ƙaramin yaro kuwa bai gama rarrabe gaskiya da wasa ba, kuma duhu da shiru da inuwar da fim ya yi aiki da su, duk suna jiransa a ɗakin kwanansa.

Saboda haka mu riƙa kallon fim kafin yara su gani. Kada mu bar su da waya su kaɗai bayan an kashe fitila. In yaro ya riga ya tsorata, kada mu yi masa ba'a. Mu zauna da shi, mu nuna masa yadda aka haɗa abin: mu rage murya ya ga yadda tsoron ke raguwa, ko mu ɗauki tocila mu yi inuwar hannu a bango ya ga yadda ƙaramin yatsa ke zama ƙato. Yaron da ya ga yadda ake yin inuwa, da wuya inuwa ta sake hana shi barci.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.